Yatsun Kabo Mai Goge

Kabo yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya ce muku mashayi ne ƙarya yake yi, ya zo ya faɗa a gabana. Ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakinsa ba. Gidajen giya kam ya shiga, ban musa ba, don a zamanin can ake neman mai goge. Mu uku muke yawo: shi da gogensa, Isufu da ƙwarya, ni Baraka da baki. Ranar kasuwar Bengu muna Bengu, ta Yelu muna Yelu, wani lokaci mu hau jirgin da ke tsallakar da kamyo, wato manyan motocin kaya, mu je Malanbil, mu dawo Gaya. Ba a riga an yi gada ba, Nasara na nan da jandarmominsu.

Kabo siriri ne, ba ya magana, ga taurin kai kamar jaki a bakin ruwa. Ni ce mai faɗa da masu gidajen giya, ni ce mai zagin wanda ya taka mana tabarma. Shi kuwa in ya ɗora izga kan tsirkiya ya daina jin kowa, ko sallama ba ya amsawa sai ya sauke.

Abin da ya sa masuntan bakin gulbi suka riƙe shi nasu shi ne take. Kowane jarumin ruwa da nasa kiɗan, Kabo kuma duk ya san su. A unguwarsu in ruwa ya ci mutum ba a zuwa a ce wa uwa ɗanki ya mutu. Wa zai iya? Mai goge ake kira, ya tsaya bayan darni, ya ɗauko taken mamacin, in ya kai tsakiya ya yanke. Da an ji shirun nan sai kuka ya tashi. Shi ya sa taken mai rai, in ka fara shi, sai ka kai ƙarshe ko da wuta ta kama rigarka.

Kabo ya taɓa yanke wa wata tsohuwa, Aisata, taken babban ɗanta. Ran nan ba ta yi kuka ba. Miƙewa ta yi ta shiga gulbi da zanenta, da gashi aka jawo ta. Ɗa ɗaya ya rage mata, Siddo, mai farautar dorina. Gidanta kuwa bayan gidan giyar wani mutumin Dahome yake, darni ne kawai tsakani. In Siddo ya tafi farauta, duk ranar da muka yi wasa a nan sai ta jawo kujerarta jikin darnin, Kabo ya yi mata taken ɗanta daga farko har ƙarshe, sannan ta iya cin tuwo.

To, ranar da abin ya faru bayan la'asar ne, gidan giyar ya cika da masunta da masu kamyo. Siddo ya daɗe a ruwa ba labari. Ina hango inuwar tsohuwar ta ramin darni. Kabo ya ɗauko taken ke nan sai ga Garba ya shigo, shi da abokansa. Tsohon sojan Faransa ne, ya dawo daga yaƙin Indoshin ya kama tuƙin kamyo, kuma ran nan ya sha ya yi tatil tun daga wani wuri.

"Kai mai goge, bar wannan! Nawa za ka yi."

Kabo bai ɗaga kai ba. Na bar waƙa na ce, "Malam, yi haƙuri kaɗan, taken Siddo ne, uwarsa na bayan darnin nan. In aka yanke, ta ce ya mutu."

Ɗan Bengu ne fa, ya san al'adar sarai. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Na ga mutum ya mutu hanjinsa a hannunsa, ba wanda ya yi masa goge. Na ce a yanke!"

Ya watsa wa Kabo giya a fuska. Kiɗa bai tsaya ba. Ya zare bel ɗinsa na soja ya shiga tsula masa a baya, ƙarfen bel ɗin na tsaga riga. Isufu ya tashi zai tare, wani cikin abokan ya buga masa benci a ƙirji, ya faɗi kan ƙwaryar ta fashe. Masunta suka miƙe, wuri ya kaure, kwalba na tashi, tebur na kifewa. Mutumin Dahome ya shige bayan ganga yana ihu da yarensu. Garba ya fasa kwalba a kan Kabo, jini ya sauko ya rufe masa ido ɗaya, yana ɗiga kan fatar gogen. Wallahi ko kuskuren yatsa bai yi ba.

Ni kuwa na ɗane bayan Garba na kafa masa haƙora a kafaɗa, sai da na ji gishirin jininsa. Ya make ni da bango, haƙorin nan da kuke gani babu, a nan na bar shi. Ina ƙasa na ga ya fita da gudu, na ce alhamdulillahi. Ashe ƙarfen tada kamyo ya je ɗaukowa.

Kiɗan ya kai daidai tsakiya, wurin da ake yankewa. Garba ya ɗaga ƙarfen ya sauke kan hannun hagu, wanda ke danna tsirkiya. Na ji ƙarar ƙashi, kamar an karya kara. Na yi ihu, "Yaya, bari! Don Allah bari, za su kashe ka!" Izga ba ta tsaya ba. Yatsu uku sun lanƙwashe baya, ya ci gaba da manuniya ita kaɗai, yana jan ta sama da ƙasa, hawaye da jini na haɗuwa a gemunsa. Kiɗan ya yi muni, ya karkace, amma yana tafiya. Sai na buɗe bakina mai jini na kama waƙar da ƙarfi don in rufe masa ramukan.

Garba ya sake ɗaga ƙarfen, masunta suka danne shi, suka yi ta duka har jandarmomi suka iso suka ja shi kaso. Kabo ya kai taken ƙarshe, ya sauke izga a hankali yadda ya saba, sannan ya kife. Ta bayan darni na ji tsohuwar ta ja kujerarta ta shige ɗaki. Ta ji hayaniyar, amma masu giya kullum faɗa suke yi, ita dai kiɗan ɗanta ya cika.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yatsun suka warke a murɗe. Yawonmu ya ƙare. Kabo ya rataye gogen ya koma saƙar tabarma, ni kuwa na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Har gori na yi masa: tsohuwar wani ce za ta ci mana abinci a baki?

Siddo ya dawo lafiya lau. Da ya ji labari ya ɗauki mashin dorina ya nufi inda kamyo ke tsayawa, don an riga an saki Garba. Kabo ya tare shi a hanya, ya ɗaga masa hannun nan a fuska.

"In ka soke shi Nasara za su harbe ka. Da waɗanne yatsu zan je in gaya wa uwarka?"

Siddo ya tsuguna a tsakiyar hanya yana kuka kamar yaro, ya juya gida. Aisata ta mutu a kan gadonta, ɗanta a gefe. Garba kuwa ban san inda ya ƙare ba, ban kuma tambaya ba.

Shekaru suka wuce, Nasara suka tafi, muka yi furfura. Wata damina dorina ta kifar da jirgin Siddo, aka tsinci gawarsa a ƙasan gari. Masunta suka zo suka tsaya ƙofarmu, kowa kansa a sunkuye, don matarsa ba ta sani ba, kuma babu sauran mai goge a unguwar. Na ce ku tafi, ba ku ga hannunsa ba? Kabo ya shiga ɗaki ya sauko da gogen, ya kaɗe ƙura, ya ɗaure sabuwar izga. Na bi shi har bayan darnin gidan Siddo. Ya dafa tsirkiya da manuniya, ya ɗauko taken da ƙyar, yana cije leɓe. Rabi kawai hannun ya iya kaiwa. Ran nan kuwa rabin ake nema.