Ƙyaure Ya Ce Ta Shiga

Kullum shi ne farkon isowa filin atisaye. Zai jingine kekensa a jikin tankin ruwa, ya naɗe gwiwar hagu da bandeji, sannan ya zagaya gaban raga yana tattake ramukan da takalma suka bari jiya. Ƙyaure muke kiransa, don in ya rufe ba mai wucewa. Shekara goma sha shida ya yi yana tsaron baya, tara daga ciki a ƙungiyarmu, ni kuma ina gola a bayansa. Na san ƙeyarsa fiye da fuskarsa. Amma da aka ce in yi rubutu kan ritayarsa sai na rasa ta inda zan kama, domin har yau ban gama gane mutumin nan ba.

Bai taɓa cin ƙwallo ba, ko ɗaya. Sau biyu ana karya masa hanci. A na biyun, shi ya raka wanda ya karya shi asibiti, wai goshin mutumin ya fashe.

Sai wasan ƙarshe na wata kaka. Canjaras kawai muke nema mu tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Saura minti huɗu aka bugo kwana, na fito ba kan lokaci ba, ƙwallo ta wuce ni. Ƙyaure ya zame ya kwaso ta daga bakin layi. Abokan karawarmu suka yi ca a kan alƙalin wasa wai ƙwallo ta riga ta haye layi, shi bai gani ba, mai tuta ma bai gani ba. Alƙali ya juyo wajen Ƙyaure, wanda shi ne kyaftin ɗinmu.

“Kyaftin, tsakaninka da Allah, ta shiga?”

“Ta shiga.”

Haka muka faɗa. A ɗakin canza kaya koci ya kasa zama.

“Wa ya aike ka?”

“Tambayata aka yi, Koci.”

Na cakumi rigar Ƙyaure. “Ni da nake kusa ban ga ta shiga ba!”

“Kai fuskarka na cikin ciyawa,” in ji shi, ya ci gaba da kwance takalmi.

Aka sallami ’yan wasa biyar, ɗaya bai sake samun ƙungiya ba. Magoya baya suka rubuta zagi a bangon gidansa. Ana cikin haka wata babbar ƙungiya ta neme shi, kowa ya ce ya samu mafita. Ya ƙi tafiya. Matarsa ta gaya mini ta ce masa, “Baban yara, masu zaginka za ka zauna wa?” Ya ce, “Da ni aka sauka, da ni za a hau.” Kaka biyu muka yi a filaye masu tsakuwa kafin mu dawo. Ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai ba kowa ba.

Na sha juya maganar. In na tuna mutum biyar ɗin nan sai in ce ya yi ganganci. In na tuna fuskarsa lokacin da yake amsawa sai kunya ta kama ni. Da ni aka tambaya cewa zan yi ban gani ba, kuma ban san ko hakan ya sa na fi shi hankali ba.

Ƙyaure, kai ne wanda gari ya zaga a kan kuskuren da ni na yi. Fushin mutane duk ya koma kanka, aka manta da golan da ya fito ba kan lokaci ba, kai kuma ba ka taɓa tuna wa kowa ba, har ni. Na gode, duk da na makara.

Ku da kuke shigowa harkar nan, ba zan ce muku hanyarsa da daɗi ba. Amma in an tambaye ku, ku faɗi abin da kuka gani, sannan ku tsaya a ɗauki abin da ya biyo baya da ku.