Malama Adawiyya da Gyaɗar Kunun Yara

Kafin ɗalibai su iso da safe, Malama Adawiyya ta riga ta buɗe ɗakin gwaji, ta ɗora farar riga a kan hijabi, ta jera 'yan kwalabenta. 'Yar Kademi ce, ta daɗe tana wannan aiki a jami'a, amma ko a Gaya ba kowa ya san abin da take yi ba.

Gubar da fumfuna ke bari a jikin gyaɗa take farauta, wadda ke cin hantar yaro a hankali. Ruwan gwajinta yana ƙyalli idan an haska shi da wata fitila. Sai ta zuba masa ɗigon girafin, wasu 'yan ƙwayoyi dangin gawayi da ido ba ya gani, su shanye ƙyallin. In aka ɗiga ruwan gyaɗa mai guba, ƙyallin sai ya dawo.

Wasila ta Gafasa markaɗen gyaɗa take sayar wa masu yaye, shi kuma 'yarta Ummi ke sha. Da ta ji labarin gwajin Malama, ta aika da nata a kwalba. Ana haskawa, ya ɗauki ƙyalli fiye da kima. Malama ta kira ta.

"Maman Ummi, da me kika wanke kwalbar nan?"

"Da omo mana, Anti. Har sau biyu, kada a ce mutanen ƙauye ƙazamai ne."

"To tsabtarki ta yi mana yawa. Abin da ke sa farin kaya sheƙi, shi ma ƙyalli yake yi a fitilata. Dakatar da kunun, ina zuwa."

Ran Asabar Malama ta hau acaɓa da kwalabenta zuwa gidan Wasila, ta ɗebi gyaɗa daga kowane buhu da ke ɗakin ajiyarta. Ba ta yarda da gwajinta kaɗai ba, don har yanzu bincike ne, sai da aka tabbatar a babban inji. Buhunan sama lafiya lau. Na ƙasa, wanda ya jingina da bango tun damina, shi ne mai gubar.

"Sai in bai wa akuya," in ji Wasila.

"Akuyar da kike tatsa wa Ummi? Binne shi za mu yi."

Tare suka binne shi a bayan gida, ba wanda ya ji a bakin Malama. Wasila ce da kanta ta bi gidajen masu saye ta faɗa.

Malama Adawiyya, ke ce mai duba abin da idon uwa ba ya kaiwa. Ni mai ba da labarin nan, ɗana yana cikin masu shan kunun. Na gode, Allah ya saka da alheri. Masu farar riga, ku yi koyi da ita, ku riƙa takowa har inda buhun yake. Mu kuma iyaye mata, yau ɗin nan mu janye namu daga jikin bango.