Kunyar 'Yar Fari a Cikin Jirgin Ruwa

Shekara tara muka yi muna zaune a cikin jirgin ruwa a Abhur, bakin teku a arewacin Jidda, ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu. Jirgin na kafilina ne, wato ubangidan da ya tsaya min a ƙasar, wani dattijon Balarabe mai sayar da kayan gini. Ya saye shi lokacin yana da ƙarfi, da gwiwoyinsa suka fara ciwo sai ya bar shi a ɗaure a bakin gadar katako. Irin jirgin nan ne da iska ke turawa: doguwar sanda a tsaye a tsakiya, wata sandar mai nauyi a kwance a ƙasanta, sai ƙaton farin ƙyalle da ake kira shira'i. Aikina in tsare shi, in wanke masa gishiri, in nutse in kankare dattin teku da ke manne masa a ƙasa. Da na yi aure na ce wa dattijon zan nemi ɗaki a cikin gari. Ya ce, "Ɗaki kuma? Ga ɗaki biyu nan a ƙarƙashin ƙafarka."

Tsawon jirgin taku goma sha huɗu ne, na auna ba sau ɗaya ba. A ƙasa akwai gado mai tsinin kai a hancin jirgin, da benci biyu, da ɗan murhun gas. Matata ta rataye tukwane da igiya, albasa da tumatir a cikin raga. Ba a cika kofi taf, ba a barin ƙofar kabad a buɗe, in za ka yi sallah a tsaye sai ka ware ƙafafu. Yaranmu a kan ƙasa mai motsi suka koyi tafiya. Ranar da muka fara sauke babbar a kan gada sai ta yi ta tangaɗi, ta zauna daɓas tana kallon uwarta, ta rasa me ya sa ƙasar ta tsaya cik.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram. Karatuna allo ne da aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko. Kuma ni ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, bai taɓa ɗora ni a cinya ba, in zai ba ni abu sai ya aiko. Ban ji zafin haka ba ko kaɗan. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta nake kwana, ita ke ɓoye min tsokar nama a ƙarƙashin tuwo. Ga gwaggo, ga kawu, kowa da sunan wasan da yake kirana da shi. Na tashi da sanin cewa mutumin kirki yana jin kunyar ɗansa na fari, kuma wannan kunyar ita ce girmamawa.

Da Allah ya ba mu 'yar farinmu, haka na yi da ita.

Matata haifaffiyar Jidda ce. Kakanninta ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna, Hausarta rabi Larabci. Ta san al'adar da ji, amma dariya take ba ta. Ranar da muka dawo da jaririyar cikin jirgi ta miƙo min ita.

"Ya Malam, karɓe ta mana, hannuna ya gaji."

"Ajiye ta a gado."

"Wallahi ba ta cizo. Ko haƙori ba ta da shi."

Ban karɓa ba. Na hau sama na kama goge ƙarfen da na riga na goge.

Abin da ya ƙara dame ni, a nan ƙasar da sunan ɗan fari ake kiran uba. Masu gadin sauran jirage, 'yan Yaman da 'yan Sudan, duk suka koma kirana Abu wance. Daga can ƙarshen gada wani zai ɗaga murya ya kwaɗa sunan 'yata a haɗe da ni, in ji kamar an tuɓe min riga a kasuwa. Ita kuwa da ta fara wayo, duk lokacin da ta ji an kira sai ta leƙo da kai daga ƙasa tana murmushi, ta dube ni.

Bayan shekara uku aka haifi ƙanwarta. Wannan kam na ɗauke ta har uwarta na cewa zan lalata ta. A wuyana take yawo a kan gada. Na ba ta sunaye sun fi biyar. Da ta kai shekara huɗu na fara koya mata ɗaurin igiya irin na masu jirgi, wanda ke riƙe jirgi ba ya zamewa amma da ja ɗaya ya kwance. Babbar takan zauna taku uku daga inda muke, da nata guntun igiyar, tana kallon hannuna tana kwaikwayo. Kafin ƙaramar ta iya ɗaya, ita ta iya huɗu. Na gani. Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi, amma ban ce komai ba. In na sayo mangwaro biyu sai in ba ƙaramar duka, in ce, "Kai wa yayarki babban." Yayar tana nan zaune, in na miƙa hannu zan taɓa ta.

Wata rana da hantsi yaran sun tafi makaranta, matata tana wanke musu kaya a bokiti, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Jiya babbar ta tambaye ni ko tsinto ta muka yi."

Na ce ta gaya mata al'adarmu ce, ni ma haka aka yi min, ga ni ban lalace ba.

"Kai a garinku akwai kaka, akwai gwaggo, akwai gida mai zaure. In ubanka ya kau da kai, mutum goma na jiran su ɗauke ka. A nan wa ke akwai? Kifi?"

"Akwai ke."

"Ni uwa ce. Ba na iya zama uwa in zama kaka in zama uba. Haram alaik, ka ji tsoron Allah, Malam. Taku goma sha huɗu ne gidan nan, kai ka auna. Ina za ta je ta ɓoye wa wannan kunyar taka?"

Na ce mata ita 'yar birni ce, ba za ta gane ba. Danginta suna can kudancin gari, sai mu yi wata biyu ba mu je ba domin ba a barin jirgi babu kowa. Nawa kuwa suna bayan teku da hamada. Duk na san wannan, ban dai taɓa haɗa shi da maganarta ba.

Babbar tana da shekara takwas abin ya faru. Ranar Alhamis ce, na wanke shira'i da ruwan famfo na ɗaga shi sama ya bushe. Akwai igiyar da ke riƙe sandar kwance kada ta yi lilo. Ita ma na kwance ta na wanke, na shanya, na manta ban mayar ba. Bayan la'asar iskar teku takan taso a Abhur, kullum, kowa ya sani. Yarinyar tana zaune a kan rufin ɗaki ta ba ni baya, da faranti a cinyarta tana tsince shinkafa. Ni ina can baya wajen sitiyari.

Na ji ƙyallen ya cika da iska. Na ga sandar ta taso daga hagu tana nufo kanta. Akwai lokaci, wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na kira sunanta da ta sunkuya, domin yaran jirgi sun san sunkuyawa kafin su san karatu. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Shekara takwas ina hana shi fita, ran nan ma ya ƙi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ke!"

Ba ta waiwayo ba. Sandar ta same ta a saman kunnen hagu, ta jefa ta ruwa tsakanin jirgi da gada. Na faɗa bayanta. Ruwan ba shi da zurfi sosai a wurin, na kamo rigarta na ɗago ta, shinkafa na yawo kewaye da mu. Ran nan na fara sanin nauyin 'yata. Na rungume ta a ƙirji na yi ta gudu har bakin titi, jininta da ruwan gishiri suna bin hannuna, wani mai motar kifi ya kai mu asibiti. Aka yi mata ɗinki. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma kunnen hagu bai ƙara ji sosai ba.

Duk wanda ya zo jaje na ce masa igiya ce na manta. Aka ce tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Sai da muka rage ni da matata a barandar asibiti ta yi magana. Ta ce, "Ina ƙasa ina yanka albasa na ji ka ce ke. Ni ce na ɗaga kai."

Zan so in ce daga ranar na canja. Ban canja ba. Da ta dawo gida na sayo mata 'yan kunne, na ba ƙanwarta ta kai mata. Kunyar da nake ji ta al'ada ta haɗu da wata kunyar ta laifi, na ƙara kasa haɗa ido da ita. Na riƙa duba igiyar nan sau biyar a rana, na ɗauka gyarana ke nan.

Bayan shekara ɗaya dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da jirgin. Muka koma unguwar Khumra a kudancin gari, na samu gadin wani sito. Yara suka girma a cikin ɗaki mai bango huɗu. Ƙaramar ta yi aure a Makka. Uwarsu ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta, ba ta ji na kira sunan ba. Yanzu babbar ce ke riƙe da ni. Ita ke kai ni asibiti, ita ke bin takardun iƙamata na izinin zama, ita ta san ƙwayar da nake sha da safe da ta yamma. In tana magana da mutum takan ɗan juya kai ta ba shi kunnen dama. Tana da 'yar fari ita ma, kuma tana kiran sunanta sau ɗari a wuni, tana sumbatar ta a gabana.

A bara wata Juma'a mijinta ya ɗauke mu a mota zuwa Abhur shan iska. Gadar katakon babu ita, an yi gine-gine a wurin. Mijin ya tafi da yarinyar sayen balila, dafaffen waken nan da ake sayarwa a bakin teku. Muka rage ni da ita a kan wani dogon dakali, da butar shayi a tsakaninmu. Can nesa wani jirgi ya ɗaga farin ƙyalle.

Na ce, "Ranar da sandar nan ta buge ki."

"Na sani, Baba. Igiya ka manta. Halas, ya wuce."

"Ba igiyar kaɗai ba ce. Na ga sandar tana zuwa. Na yi kira."

Ta juya kofi a hannunta. Ta ce, "Ai na ji ka. Na ɗauka da Umma kake. In ka ce ke, ko Umma ce ko ƙanwata. Ni aiko min ake yi."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da ta yi fushi da ya fi min sauƙi.

Na daɗe ina kallon ruwa. Sai na kira sunanta, a hankali, kamar mai tsoron kada ya fasa wani abu. Ba ta motsa ba. Idonta na kan jirgin can. Na ce a raina to shi ke nan, na makara, kuma tana da gaskiya. Har na fara neman sandata in tashi, sai na ga tabon a gefen mayafinta. A hagunta nake zaune.

Na miƙe da kyar, na zagaya ta bayan dakalin na koma damanta. Ta ɗago tana tambaya ko ƙafar ce ta riƙe. Na tsaya a kanta na kira sunan da ƙarfi, irin yadda 'yan Yaman ɗin nan suke kwaɗa shi daga ƙarshen gada. Wasu iyali da ke cin abinci a kan tabarma kusa da mu duk suka waiwayo.

Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

"Baba, mutane na kallo."

"Su kalla."

Na sake kira. Ta sauke mayafin, ta share ido da bayan hannu, ta ce, "Na'am, Baba." Ta jira. Da ta ga na yi tsaye kawai sai ta ce, "To, ka kira ni. Me kake so?"

Ban shirya komai ba bayan sunan. Na duba dama na duba hagu, na ce shayina ya huce. Ta matsa ta ba ni wuri a damanta, ta zubar da wanda ya huce, ta zuba min wani ta miƙo. Na karɓa daga hannunta.