Baba Aƙilu da Faffaɗar Taya

Ranar Alhamis, 8 ga watan Mayu 2025, bayan la'asar, Safiyanu ya kira ni ya ce mahaifinsa, Baba Aƙilu mai gyaran keke na Tamaske, ya rasu. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Baba, kai ka fara haɗa mu, mu bakwai har da kai, kowace shekara bayan girbin gero, mu hau kekuna daga Tamaske mu bi ta Keita har Buza. Kafin mu tashi sai ka bi kowane keke ka matsa tayarsa da babban yatsa. Wanda tayarsa ta fashe a hanya, kai kake tsayawa da shi. Ba ka taɓa barin kowa a baya ba.

Shekara huɗu ke nan na sayo siraran tayoyi irin na tsere, na ce maka na karanta cewa siririya ta fi keta iska. Ka yi dariya ka ce, "Abdallah, iska ba tayarka take bugu ba, kai take bugu, kai da wagga babbar riga taka. Kuma duwatsun ƙasarmu ta Adar ba su yi lekol ba, balle su karanta abin da ka karanta."

Na ji haushi, sai na shiga gwaji. Sau goma sha biyu na bi hanyar Keita, shida da siririya, shida da faffaɗa irin taka, ina rubuta lokaci da inda iska ta fito a littafina na kullum. Inda hanya take sumul, siririyar ta riga da minti biyu. A tsakuwa kuwa ta yi ta tsalle, ta fashe sau uku.

Tun bara na gama, amma ban nuna maka ba. Kullum sai in ce ko agogona ne ya ruɗe ni, bari in ƙara gwaji ɗaya. Ka tafi kana zaton har yanzu musu nake da kai.

To, Baba, kai ke da gaskiya. Jiya na karanta wa abokan tafiyarmu shafin a ƙofar gidanka, a gaban 'yan zaman makoki, kuma ina alfahari da cewa kai ka koya mini. Bana, in Allah ya yarda, za mu je Buza mu shida, kowa a kan faffaɗar taya.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ku kuma iyalan Baba, Inna Furera, Safiyanu da Mansura, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu.