Tagar da Yaya Ya Raɗa wa Suna

Yayana yana da wani hali da muka sha faɗa a kai tun muna yara: duk abin da ya gani sai ya raɗa masa suna. Babur ɗinsa na da suna, kyanwar gidanmu na da suna, har tukunyar da mahaifiyarmu Mma ke tuƙa tuwon zafi bai ƙyale ba. Da ya buɗe ɗan kamfaninsa na raba intanet a Tamale ya ɗauke ni aiki, halin bai tsaya a gida ba, ya biyo shi ofis.

Ofishin wani shago ne a Dabokpa, tsakanin tela da mai sayar da wake da shinkafa. Muna da na'ura a kowace unguwar da muke ba wa intanet: ɗaya a Kalpohin, ɗaya a Vittin, ɗaya nan kusa da mu. Ba sai mun hau babur mun je wurinsu ba. Daga kujera muke shiga cikinsu ta wani baƙin allo da ba hoto, sai rubutu zalla. Akwai manhajar da ke raba allon gida-gida, kowane kashi ana ce masa taga, a ƙasa kuma akwai layi mai nuna sunan kowace. Yaya ya saita ta yadda in ka shiga na'urar Vittin sai sunan tagar ya koma Vittin, in ka fita ka shiga ta Kalpohin sunan ya bi ka. Allo ɗaya muke aiki a kai, wanda ya tashi ya bar wa na gaba. Mun yarda da layin nan kamar yadda ake yarda da rubutun goshin motar haya, ba mai sake tambayar direba ina za shi.

Mu uku ne a ofis. Ta ukun wata budurwa ce daga Kumasi, Kirista, da ta gama karatun kwamfuta ta taho arewa neman aiki. Uwarta ta hana, ta ce zafin Tamale zai koro ta kafin ta gama kwance kaya, ita kuma ta rantse ba za ta koma hannu biyu ba. Yaya ya ɗauke ta a kan gwaji. Hausar kasuwa take yi, kowa a wurinta "kai" ne, har Mma. Na yi ta gyara mata har na gaji, daga baya ma na ji ni kaina ina ce wa kaza "ya gudu". Ina son yarinyar nan ƙwarai. Ga natsuwa, ga tsabtar aiki, ga ta da dariyar da tela ke jiyowa ta bango.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Na'urar Vittin tana ta nauyi, Yaya ya ce mata da rana ta kashe ta kunna, tun da a lokacin mutanen Vittin duk sun hau babura sun shigo gari, ba wanda zai ji a jikinsa. Ya fita. Ta duba layin ƙasa, ta ga Vittin, ta kashe.

Kalpohin ce ta mutu.

Da a ce wani gida ne kawai da da sauƙi. Amma surukin Yaya a Kalpohin yake, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son a yi komai a kan tsari, kuma a daidai lokacin yana zaune da babbar riga gaban waya, suna maganar auren ɗansa da dangin yarinya da ke Accra. Kawun yarinyar ya jefo masa wata tambaya mai ɗan nauyi, yana buɗe baki, hoto ya ɗauke. Mutanen Accra suka ɗauka kashe musu waya ya yi don fushi. Kafin la'asar magana ta kai ga cewa ai su ba neman kai suke da 'yarsu ba.

Yaya ya dawo ofis kamar an watsa masa ruwan zafi. Wanda ya san kunyar suruki zai san halin da yake ciki. Bai tsaya duba komai ba. Ya ce mata wanda bai iya bambanta Vittin da Kalpohin ba ba shi da abin yi a shagonsa, kada ta zo ran Litinin. Sai da ya fita ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa.

"Sista, ni bai taɓa Kalpohin ba. Taga ya ce Vittin."

Na zauna na duba, kuma gaskiyarta ce. Tagar na nan da sunan Vittin ƙiri-ƙiri, alhali cikinta Kalpohin ce. Na fita na shiga wata na'urar, sunan bai motsa ba. Na buɗe sabuwar taga, ita kuwa tana bi na duk inda na shiga. Sai da na yi ta gwadawa na gano bambancin: tagar da aka raɗa wa suna da hannu ta daina bin kowa, ta riƙe sunanta ke nan. A shagon nan kuwa mutum ɗaya ne ke raɗa wa abu suna da hannu. Da safe ya sa mata Vittin, ya bi ta cikinta ya leƙa Kalpohin, ya tashi ya bar ta a haka.

Kai, raina ya ɓaci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na hau babur na nufi gida da niyyar in wanke shi tas a gaban matarsa. Mma ce ta tare ni a zaure, ta ga yadda na jingine babur ta san da magana. Na zayyana mata. Ba ta san taga ba, ba ta san allo ba, amma ta san ɗanta. Ta ce in na tsare shi da laifi a gaban mutane zai kafe, yarinyar ta tafi, ni kuma in ci gaskiyata da miya. Ta ce ba a ce wa babba ya yi kuskure, nema masa ake inda zai sauke kayan da kansa.

Haushi na ji, don ni ba gwanar kewaye-kewaye ba ce. Amma na bi.

Washegari na buɗe bayanin da masu manhajar suka rubuta. A wurin da ake koya wa mutum yadda zai sa wa taga suna, ba su ce uffan ba a kan cewa sunan zai daina sauyawa. Sun faɗa, ba zan yi musu ƙarya ba, amma can ƙasa, ƙarƙashin wani babi daban, cikin rabin jimla, inda sai wanda ba shi da aikin yi zai kai. Na ce alhamdu lillahi, ga inda za a sauke kaya.

Ran Litinin na sa fuskar marainiya na ce wa Yaya wannan bayanin ya fi ƙarfina, ya taimaka ya nuna mini yadda sunan taga ke bin na'ura. Yaya kuwa a ba shi damar koyarwa ya fi a ba shi nama. Ya ja kujera, ya gyara hula, ya buɗe taga, hannunsa da ya saba ya raɗa mata Vittin tun kafin ya yi tunani. Ya ce in zuba ido in ga ikon Allah. Ya shiga Kalpohin. Suna bai motsa ba. Ya fita ya sake shiga. Vittin dai.

Na ga bayan wuyansa ya fara zufa. Harshena yana ƙaiƙayi, wallahi kamar in mutu, amma na danne, na tura masa bayanin na ce ya duba yadda mutanen nan suka ɓoye magana mai muhimmanci a ƙasan tukunya. Ya karanta sama, ya gangara ƙasa, ya cafke abin da hannu biyu. Ya yi ta faɗa da mutanen da bai taɓa gani ba: wane irin rubutu ne wannan, a haƙa rami a bakin ƙofa a kai gargaɗin bayan gida? Ya ce dole a gyara, ai manhajar ta kowa ce, kowa na iya aika gyara. Na ce haka ne, sai dai Turancina na kasuwa ne, nasa kuma na faɗa ne. Ya kalli kujerar yarinyar da ba kowa a kai. Can ya ce in kira ta, don gyaran kawai.

A tasha na same ta, tana layin motar Kumasi. Da ƙyar na shawo kanta. Na ɗaura jakarta a bayan babur muka dawo, ta shiga shago ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta koya a wurin mutanen gari, ya amsa yana kallon bango. Ta ajiye jakar kusa da ƙafarta ta zauna.

Jimla biyu ta rubuta. Ta farko ta ce in ka sa wa taga suna da hannunka, sunan zai tsaya a haka ko da abin da ke cikinta ya sauya. Ta biyu ta nuna yadda za ka mayar da ita mai bin na'ura. Yaya ya so a ƙara sakin layi na zagi, muka hana. Ta aika. Muka sayi wake da shinkafa muka ci, kowa na kallon kwanonsa, ba wanda ya tayar da maganar aiki. Ni dai na san halinsa, yana iya cewa an gode a sauka lafiya.

Ba a jima ba amsa ta zo daga wani mai kula da manhajar, ban san a wace ƙasa yake ba. Ya ce gyaran ya yi kyau, amma ko za mu ba shi misalin yadda tsohon bayanin ya ruɗa mutum, don ya san ko akwai wani wurin da ke buƙatar taɓawa. Ta fassara mana, sannan ta fara rubuta cewa wata sabuwar ma'aikaciya ta kashe na'urar da ba ita ba. Yaya yana tsaye a bayanta yana bin rubutun da ido. Ya ce ta goge.

"Ki rubuta mai shagon ne ya sa wa tagar suna, ya shiga wata na'urar ta cikinta, ya tashi ya manta. Ma'aikaciyar ta bi abin da ta gani, kuma daidai ta yi."

Ta kalle ni, na kalli silin.

"Masta, ni rubuta haka? Duk duniya zai karanta."

"Su karanta. Ni yanzu Kalpohin za ni, can ma abin da zan faɗa ke nan."

Ya ɗauki makullin babur, ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce mini in mayar mata da jakar nan ɗakinta, tana tare masa hanya, kuma gobe ta zo da wuri don na'urar Vittin har yanzu ba a kashe an kunna ba. Yana fita ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, na matso in rarrashe ta, ashe kuka da dariya ne duka biyun. Da ta ɗago ta share fuska ta roƙe ni aron wayata, tata ba caji, tana so ta gaya wa uwarta kada a je tasha tarbarta.