Sallamar Baba a cikin rijiya

Ina zaune a tsakar gidanmu na Illo da kwamfuta a cinya, sai Inna ta leƙo ta ga jajayen layuka suna gangarawa cikin wani dogon rami.

"Wanga kuma minene?"

Na ce mata aikina ke nan. Idan an haƙa rijiyar burtsatse ko ta mai, akan zura na'ura ta saki ƙara a ciki. Ni kuma a kwamfuta nake kwaikwayon yadda ƙarar ke bin bangon ramin ta dawo, don a gane ko dutse ne a ƙasan, ko yashi, ko ruwa.

Ta juya tana kallon tsohuwar rijiyarmu, wadda yayana ya ce za a cike tunda burtsatse ta zo unguwar.

Marigayi Baba ba ya jefa guga sai ya sunkuya ya yi wa rijiyar nan sallama. Rijiyar ta mayar masa da muryarsa, mu kuma mu yi ta dariya.

Inna ta ce, "To kahin su cike ta, zura abin naka ka hiddo min sallamar babanku. Ba duka ta hito ba."

Na buɗe baki zan ce ƙara ba ta zama, bango ke shanye ta. Wallahi na kasa.

Nan take na kira yayana na ce murfi za mu yi mata, ba cikewa ba.

Ku fa, muryar wa kuke so a fiddo muku, kuma a ina kuka bar ta?