Karen da Inna ta yi jinya

Shekarar da na koma noman garka a Jiratawa ban yarda da kowa ba, kuma ban ga wanda ya yarda da ni ba. Na gama karatu, na gaji da kai takardu ofis-ofis, sai na ce zan karɓi ƴar gonar rani da mahaifinmu ya bari. Dangi suka ce na zubar da karatuna. Inna kaɗai ta ce in je. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, "kai" take ce mini. Ta ce, "Kai, je ka gwada. In ba ta yi ba ka dawo, gida yana nan."

Tun rasuwar mahaifinmu wani dattijo da ke maƙwabtaka da garkar yake noma ta aro. Da na zo dole ya saki. Ya saki ba gardama, har ya nuna mini ranakun da ruwa ke biyo kanal ɗinmu, wato magudanar ban ruwa, amma ni ban taɓa sakin jiki da murmushinsa ba. Ina ganin mutumin da aka karɓe wa gona ba zai yi fara'a haka a banza ba.

Awakinsa sukan ƙetare shinge su shiga mini zogale. Saboda su na je Tibiri wajen Kawu, yayan Inna, wanda mafarauci ne, ya ba ni ɗan kwikwiyo ja. Kare ya girma a garka, nan yake kwana a gindin mangwaro kusa da ruwa. Wata rana ya kori awakin har ɗaya ta faɗa kanal ta gurɗe ƙafa. Dattijon ya fito da ita da kansa, bai yi faɗa ba. Ya dubi karen ya ce, "Ɗana, duk karen da aka kawo garkar nan ba ya daɗewa. Na ga uku kafin naka."

Na ce, "To, Baba." Amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Bayan wasu watanni karen ya fara tari. Busasshen tari ne, kamar ƙashi ya maƙale masa. Da can yakan bi moto ɗina, wato babur, a guje har bakin kwalta, sai ya zama in ya yi ɗan gudu ya tsaya yana haki, harshe waje. Yana cin abinci amma haƙarƙarinsa na fitowa. Wata safiya na tsinci wani ƙashin akuya a gindin shinge ta ɓangaren dattijon. Na ɗauka na juya shi, na sansana, na naɗe a leda na ɓoye. A raina na riga na yanke hukunci: guba ake ba shi kaɗan-kaɗan, ko kuma an yi masa wani abu.

Daga nan na shiga sa ido. In dattijon ya sunkuya kusa da shinge, sai in bar aikina in tsaya ina kallon hannunsa. Matarsa takan aiko da fura da rana, a zuba mini tawa a ƙwarya. Na daina sha. Ina karɓa da godiya, in ya juya baya in zubar a bayan bukka in rufe da ƙasa. Na yi ta tunanin cewa karen gwaji ne, ni ake nufi.

Ranar da karen ya faɗi a bakin kanal ya kasa tashi na ɗan lokaci, na sa shi a babban kwandon tumatir, na ɗaure a bayan moto, na nufo gida Maraɗi. Sai da na shigo unguwarmu ta Zariya na tuna ban tambayi kowa ba. A layinmu babu gidan da ke da kare. Na tsaya a zaure da kwandon, na rasa ta inda zan fara.

Inna ta leƙo, ta ga abin da ke ciki, ta ja da baya taku biyu. Sannan ta ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Inna, kashe shi ake so a yi. In na bar shi can ba zai kwana uku ba."

"Wa zai kashe shi?"

Na faɗa mata. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta ce in kwance awakinta biyu in kai su gidan ƙanwarta, in share rumfar bayan gida in sa shi. Ta ware masa wani tsohon kwanon silba da ba za a sake amfani da shi ba.

Kafin la'asar labari ya kai wa Baffa, ƙanen mahaifinmu. Ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ƙi zama. Ya ce gidan da ake salla ba a kawo masa najasa, kuma wannan duk sakarcin da ake bari ina yi ne. Inna ta saurare shi har ya gama, kanta a ƙasa. Ta ce, "Malam, karen gadin gona ne, ba na wasa ba. Yana bayan gida, ba ya zuwa inda muke salla. Ya yi wa yaron nan aiki, ba za mu jefar da shi don ya kwanta ba. In ya warke zai koma inda ya fito." Baffa ya fita ba sallama.

Abin bai tsaya nan ba. Inna tana sayar da kwaɗon zogale da dambu a ƙofar gida, da shi ta riƙe mu shekara da shekaru. Cikin mako guda masu saye suka ragu. Wasu suka ce da kwanon kare ake aunawa. Wata maƙwabciya ta ce ai ba ciwo karen ke yi ba, wani asiri aka ba ni in ajiye don garka ta yi albarka. Inna ta ji duka, ba ta faɗa mini ba, a bakin ƙanwata na ji.

Ita ce ta matsa in kai shi wajen likitan dabbobi. Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya latsa cikinsa, ya ɗebi jini a ƙafar gaba, ya ɗiga a ɗan gilashi ya sa a madubin da ke girmama abu. Ya ce in zo in duba. Na ga wasu ƴan zare-zare suna motsi a cikin jan ruwa. Ya ce ƴaƴan tsutsa ne, manyan suna can cikin zuciya da jijiyoyin huhu, kuma sauro ne ke ɗauko su daga wani kare ya kai wa wani. Ya tambayi inda karen ke kwana. Da na ce garka a Jiratawa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Kusa da ruwa ke nan. Ta wane gefe kake? Akwai wani dattijo mai awaki can, ni nake yi musu rigakafi."

Wannan kalma ta ɓata mini duk bayanin. Ashe sun san juna. Na fara tunanin ko gilashin ma ba na jinin karena ba ne, ko an riga an yi masa waya. Na fito da ƙashin da na ɓoye na ce ya auna. Ya dube shi ya ce ƙashi ne kawai. Ya rubuta mini magani, ya ce allurar da ke kashe manyan tsutsotsin ba a samunta a nan, sai dai a bi hanya mai tsawo: ƙwayoyi na wata guda, da wani magani duk wata, kuma kada kare ya yi gudu ko kaɗan, don tsutsar da ta mutu tana iya toshe masa jijiya. Na karɓi takardar na cusa a aljihu, ban je farmasi sayen maganin ba.

Na gaya wa Inna cewa gobe zan je in sami dattijon a gaban mutane. Ta ce, "Ba za ka je ba. Gobe Tibiri za ka kai ni wajen Yaya. In ya ce hannun mutum ne, ni zan raka ka."

Na yi murna da wannan. Kawu yana nan kan al'adar kakanni, yana da ɗan ɗakin iskoki a bayan gidansa, kuma mutane na zuwa wajensa a kan sammu. Na tabbata zai gane abin da likita ya rufe. Muka same shi a inuwar bedi yana gyaran raga. Ya sa na faɗi komai tun daga farko. Ya tambayi irin tarin, ya tambaya ko cikin ya fara kumburi, ko yana amai. Na ce ba ya amai.

Ya ce, "Guba ba ta wata huɗu tana yawo a jikin kare. Wannan ciwon na san shi. Na taɓa rasa wata karya da nake ji da ita, na ƙi yarda, na buɗe ƙirjinta. Na tarar da tsutsotsi farare dogaye a zuciya, sun dunƙule kamar taliya. Karnukan fadama ke yinsa, na tudu ba su cika yi ba. Mutumin nan da ya ce maka ya ga uku, abin da ya gani ya faɗa maka."

Na ce, "Kawu, ba za ka duba ba?"

Ya ce, "Me zan duba? Na gaya maka."

Ban ji daɗi ba. A hanyar dawowa, ina tuƙi Inna na bayana, wani tunani ya zo mini. Na rage gudu na ce, "Inna, ko kin yi wa Kawu waya jiya kin faɗa masa abin da likita ya ce?"

Muka wuce wata babbar mota. Sannan ta ce, "Kai, yanzu har ni?"

Da muka shigo gari na tsaya a farmasi.

Jinyar ita ta yi, don ni kullum da sassafe ina garka. Karen ya ƙi haɗiyar ƙwaya, sai ta riƙa cusa ta cikin lomar tuwo da ɗan romon kifi, ta tura masa kwanon da sanda. Ta ɗinke wani tsohon gidan sauro ta rufe bakin rumfar. Ta gajarta masa igiya don kada ya yi tsalle in ya ji ƙarar moto ɗina, har ta sa na riƙa kashe moton tun daga bakin layi in turo shi. In na dawo da yamma takan ba ni labari kamar na majinyacin asibiti: yau ya ci rabi, yau tarin sau uku, yau ya tashi ya sha ruwa da kansa. Bayan kowane zuwa rumfar sai ta wanke hannu da ƙafa ta canja zane. Sau nawa take yin haka a yini, ban taɓa ƙirgawa ba.

Ya ɗan murmure da damina, gashinsa ya yi sheƙi, har na fara maganar mayar da shi. Da kaka cikinsa ya kumbura da ruwa. Wani hantsi ina cikin dashen albasa Inna ta kira ni a waya ta ce in taho. Na tarar ta rufe shi da buhu.

Ko a lokacin akwai sauran abu a raina. Na ɗauke shi na kai wa likitan na ce ina so in gani da idona. Bai yi musu ba. Ya buɗe, ya nuna mini. Tsutsotsin suna nan yadda Kawu ya faɗa, wasu sun mutu, wasu da sauran motsi. Na daɗe a tsaye ina kallo. Na kai shi bayan gari na binne.

Washegari na sami dattijon a bakin kanal na ce ya yafe mini, na yi masa mummunan zato. Ya ce, "Na sani, ɗana. Na ga yadda kake kallona." Ya ce ya yafe. Muna gaisawa har yau, muna taimakon juna ranar ruwa, amma fara'ar da yake yi mini da farko ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Inna ce na fi jin nauyin tunkara. Na ɗauki kwanaki ina shirya abin da zan ce. Wata la'asar na same ta tana tsinke zogale a tire, na zauna na kama taya ta. Na ce, "Inna, na gode. Na jawo miki magana a unguwa, na rage miki ciniki, na kuma zarge ki. Allah ya saka miki."

Ta ce amin, ta ci gaba da tsinka. Can sai ta ɗan ja bakin zanenta ta nuna mini bayan ƙwaurinta na hagu. Akwai wani tsohon tabo mai rami biyu da ban taɓa lura da shi ba. Ta ce tana ƴar shekara bakwai karen babansu ya kama ta a Tibiri, ta yi wata biyu ba ta taka ƙafar ba. Tun daga ranar, in ta hango kare a hanya sai ta canja layi.

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Da na faɗa da ka mayar da shi garka, ka je ka yi wa bawan Allah nan abin da ba ya gyaruwa." Ta saki zanen, ta turo mini tiren. "Ƙarasa wannan, zan ɗora ruwa."